Yadda ake neman tallafin gwamnati na aikin magance gurɓatar ruwa, tun daga ɗibar samfur har a biya ka kuɗin ƙarshe

Kuɗin nan fa akwai su. Duk shekara gwamnatoci da manyan hukumomi suna ware wani kaso domin masu sabuwar dabara ta tsaftace ruwan da ya gurɓace ko ta hana shi gurɓacewa tun farko, kuma dalilinsu a fili yake: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 kan ruwa ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin 100 na ƙazamin ruwan da mutane ke fitarwa yana komawa koguna da tafkuna da teku ba tare da an tace shi ba, sannan a muradun ci gaba mai ɗorewa ƙasashe sun sa hannu cewa kafin 2030 zasu rage wannan kason da rabi. Toh gwamnati ita kaɗai ba zata iya ba, shi yasa take neman wanda zata ba kuɗi ya gwada.

Abin da nake so ka riƙe kafin mu shiga matakan shi ne, kwamitin da ke duba takardu lamba yake saye. Kilo nawa na datti zaka hana shiga kogi a rana, nawa za'a kashe a kan kowane kilo, kuma wa zai ci gaba da kula da abin bayan kuɗin tallafi sun ƙare. Duk wani mataki da ke ƙasa hanya ce kawai ta samo amsar tambayoyin nan guda uku.

Mataki na 1: Ka san irin kuɗin da kake nema da kuma ko kana cikin waɗanda aka yi domin su

Mutane da yawa suna ɓata wata guda suna rubutu a kan shirin da tun asali ba nasu ba ne. Akwai tallafi wanda ba'a biya, akwai rance mai sauƙin ruwa, akwai kwangila inda gwamnati ce ke faɗin abin da take so kai kuma ka yi mata, sannan akwai gasa wadda sai ka gama aikin da kuɗinka kafin a ba wanda ya ci kyauta. A Amurka misali, gyaran da aka yi wa dokar tsaftar ruwa ta 1972 a shekarar 1987 ya haifar da abu biyu mabambanta: asusun da jihohi ke juyawa suna ba da rance domin gina matatun ƙazamin ruwa, da kuma tallafin sashe na 319 wanda aka yi shi domin gurɓatar da ba ta da bututu guda da zaka nuna, irin takin zamani da maganin feshi da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Shi na 319 ɗin ma hukumar muhalli ta EPA jihohi take ba, sai jihohin su rarraba wa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi da jami'o'i, kaga wanda ya rubuta wa hedikwata kai tsaye ya yi ɓatan kai.

Idan ƙaramin kamfani ne mai ƙirƙira, shirin SBIR na Amurka, wato tallafin bincike ga ƙananan kamfanoni, da aka kafa a 1982 shi ne nasu, kuma a shekarun baya-bayan nan EPA kan ba da har dala 100,000 na wata shida a zangon farko don a tabbatar dabarar tana aiki, wanda ya tsallake sai ya nemi har dala 400,000 na shekara biyu. A Tarayyar Turai akwai shirin LIFE tun 1992, kasafinsa na 2021 zuwa 2027 ya kai kusan yuro biliyan 5.4, ga kuma Horizon Europe na bincike wanda yawancin kiransa sai kun haɗu aƙalla hukumomi uku daga ƙasashe uku. Ƙungiyoyin al'umma a ƙasashe masu tasowa su kuma suna da shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya GEF, wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya UNDP ta fara gudanarwa a 1992, ya yi shekara da shekaru iyakarsa dala 50,000 ga aiki ɗaya. Akwai kuma asusun ruwa na Afirka da ke zaune a Bankin Raya Afirka. Banda waɗannan, kusan kowace ƙasa ma'aikatar muhalli ko ta ruwa ko asusun binciken kimiyya suna fitar da nasu kiran.

Idan ka samu sanarwar, shafin cancanta zaka fara karantawa, ba adadin kuɗin ba. Wa aka yarda ya nema, daga wace ƙasa ko yanki, wane irin gurɓata, kuma wane irin aiki ne aka ce ba za'a biya ba. Sannan dan Allah duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko kuɗin "sakin tallafi" ɗan damfara ne, rajistar tallafin gwamnati kyauta ake yi.

Mataki na 2: Rajista, tun yau

Wannan gajere ne amma shi ke kayar da mutane a ranar ƙarshe. Kusan duk shirin nan ba'a ba mutum a karan kansa, sai ƙungiya ko kamfani ko makaranta mai rajista da asusun banki da sunanta. Wanda zai nema ta Grants.gov, shafin tallafin gwamnatin Amurka, sai ya fara rajista a shafin SAM.gov ya karɓi lambar shaidar ƙungiya ta UEI wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS a watan Afrilu 2022, abin kan ɗauki makonni idan suna ko adireshi bai zo daidai da na takardunka ba, kuma duk shekara ake sabuntawa. Na Turai kuma lambar shaidar ƙungiya ita ce PIC mai lamba tara. Ka yi wannan tun kafin a fitar da kira.

Mataki na 3: Auna ruwan. Anan ne ake cin wasan ko a faɗi

Jumlar "ruwan kogin ya gurɓace matuƙa har yana barazana ga rayuwar al'umma" kowa yana rubuta ta, mai dubawa ya karanta irinta hamsin kafin ya zo kan taka. Abin da zai sa ya gyara zama shi ne ya ga ka rubuta wurin da ka ɗebi ruwa, ranar, da abin da ɗakin gwaji ya samu.

Me ake aunawa? Ya danganta da inda dattin ya fito. Idan ruwan kwata ne da na bayan gida, ko na mayanka, ko na masana'antar sarrafa amfanin gona, babban ma'auni shi ne BOD, wato yawan iskar oksijin da ƙananan halittu zasu cinye wajen ruɓar da dattin cikin kwana biyar a zafin digiri 20. Shi ya sa kifi ke mutuwa a kogin da ake zuba irin wannan ruwa, iskar da zai shaƙa ce aka cinye. Ɗanyen ruwan kwatar gidaje yakan kai miligiram 200 zuwa 400 a lita, alhali dokar Turai ta 1991 kan ƙazamin ruwan birane ta sa iyakar abin da matata zata saki a miligiram 25, Amurka kuma 30. Abokin tafiyarsa shi ne COD, wato yawan oksijin da ake buƙata in da sinadari za'a narkar da dattin, wanda ake yi cikin awa biyu, kuma idan ka raba BOD da COD amsar zata gaya maka abu mai muhimmanci: in ta kai 0.5 ko sama, ƙwayoyin halitta zasu iya cinye dattin, in ta yi ƙasa da 0.3 toh akwai abin da ba ya ruɓewa ko mai guba a ciki, kuma dabarar da ta dogara da tsirrai ko ƙwayoyin halitta kaɗai zata sha wuya. Na sha ganin takardun da ke alƙawarin tace ruwan rini ko na majema da ciyawa zalla ba tare da wannan lissafin ba, kuma injiniyan da ke kwamiti da kallo ɗaya zai gane.

Sai dattin da ke yawo cikin ruwan, da naitirojin da fosfaras waɗanda ke sa gansakuka ta rufe tafki, da ƙwayar cutar E. coli mai nuna cewa kashi ya shiga ruwa. Idan kusa da ma'adinai ne ko majema ko wurin narka batir, sai ƙarafa masu guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha maikurogiram 10 a lita, asenik ma 10, kuromiyam 50, naitiret miligiram 50, E. coli kuwa kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Amma ka lura, ma'aunin ruwan sha daban, ma'aunin ruwan da masana'anta zata saki daban, ka nemo na ƙasar da aikin yake ka yi amfani da shi.

Yanzu ɗibar samfur ɗin kanta, don anan ake ɓata sakamako ba'a sani ba. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta daga lab zaka karɓo ta a rufe an kashe mata ƙwayoyi, kada ka ɗauraye ta, kada yatsanka ya taɓa bakinta ko cikin murfin. Ka tsaya ta yadda ruwan ke tahowa gabanka, ka nutsa kwalbar baki ƙasa kamar tsawon tafin hannu sannan ka juya ta ta fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka bar ɗan sarari a sama, ka rufe, ka rubuta wuri da rana da lokaci a jiki, ka sa cikin kula mai ƙanƙara, kuma ta isa lab cikin awa shida. In ruwan akwai kulorin a ciki ka gaya musu tun farko, akwai sinadarin da suke sawa a kwalbar ya kashe ƙarfinsa. Na BOD yana iya kai awa 48 in yana cikin sanyi. Na ƙarafa ana ɗiga masa ruwan asid na naitirik har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, shi yana iya jira watanni. Shi pH ɗin kansa da zafin ruwa da iskar oksijin da ke narke a ciki a bakin ruwan ake auna su nan take, in ka kai lab sun riga sun canza.

Ka ɗiba a sama da inda dattin ke shiga, da daidai bakin bututun, da ƙasa da shi. Ka ɗiba lokacin ruwan sama da lokacin da babu, in masana'anta ce ka ɗiba lokacin da take aiki da lokacin da take rufe, don wasu da dare suke sakin nasu. Samfur ɗaya ba hujja ba ce. Kuma ka nemi lab mai shaidar ISO 17025, kuɗinsa ya fi yawa amma takardarsa ba mai musu da ita. A tallafin EPA ma sai an amince da rubutaccen tsarinka na tabbatar da ingancin bayanai kafin ka fara ɗibar samfur ɗin aikin.

Abu na ƙarshe anan wanda yawanci ake mantawa: yawan ruwan da ke gudana. Miligiram a lita shi kaɗai bai gaya wa kowa girman matsalar ba. A ce, misali kawai, wani bututu yana fitar da lita 200,000 a rana kuma BOD ɗinsa 300 ne. Ka ninka, ya ba ka kilo 60 na datti kullum. In dabararka zata sauke shi zuwa 30, saura kilo 6, ka cire kilo 54 a rana kenan, kashi 90 cikin 100, a shekara kilo 19,710, kusan tan 20. Toh wannan ita ce jumlar da zaka buɗe takardarka da ita, kuma da ita za'a raba kuɗin da ka nema a ga nawa kowane kilo ya tashi.

Mataki na 4: Ka faɗi ainihin abin da yake sabo, kuma kada ka cika baki

Ba sai ka ƙirƙiro abin da duniya ba ta taɓa gani ba. Fadamar da aka gina da hannu, wato filin da ake shimfiɗa tsakuwa a dasa kachala ko makamanciyarta ruwan datti ya riƙa ratsawa, tun shekarun 1950 Käthe Seidel ta fara gwajinta a Jamus. Tace ruwa da yashi a hankali ya fi haka tsufa nesa ba kusa ba. In ka rubuta cewa kai ka gano su ka zubar da mutuncin takardarka. Sabunta tana iya zama cewa ka rage kuɗin gini, ko ka rage filin da ake buƙata (irin fadamar da ruwa ke ratsawa a kwance a ƙarƙashin tsakuwa, ƙiyasin da aka saba a Turai kusan murabba'in mita 5 ne ga kowane mutum, wanda ya iya rage wannan ya yi abin a zo a gani), ko ka sa abin ya yi aiki ba lantarki, ko ka haɗa dabaru biyu, ko ka mayar da dattin abin sayarwa kamar gas na girki ko takin fosfaras, ko ka kawo na'urar auna ruwa mai arha da ke turo sakamako ta waya. Akwai kuma gurɓata sabbin shiga da ake ta neman maganinsu, irin ɓurɓushin roba da ragowar magunguna da sinadaran PFAS masu wuyar ruɓewa, waɗanda a Afrilu 2024 EPA ta sa wa biyu daga cikinsu iyakar kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha.

Masu ba da tallafi da yawa suna auna inda dabara ta kai da sikelin TRL mai hawa 9 wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka NASA ta fara amfani da shi. Hawa na 1 zuwa 3 tunani ne da gwajin farko, na 4 an tabbatar a lab, 6 da 7 an gwada a wuri na gaske, 9 kuma abin yana aiki a kasuwa. Ka faɗi hawan da kake da wanda zaka kai in an ba ka kuɗin. Hawa biyu, in ya yi yawa uku. Wanda ya ce daga 3 zai kai 9 cikin wata goma sha takwas ya nuna bai taɓa yi ba ne.

Kuma ka yi ɗan tebur na kwatanta dabararka da abin da ake amfani da shi yanzu: kuɗin gini, kuɗin gudanarwa, lantarki, fili, kason da ake cirewa. Inda taka ta gaza ka rubuta. Ni a ganina layin da ka amince cewa taka ta fi cin fili ya fi shafi biyu na yabon kai amfani.

Ga tambayar da ke kama mutane: dattin da ka cire ina zashi? Gawayin da ya tsotse dalma ya zama guba shi ma, lakar da ta kwanta a tanki cike da kuromiyam ba'a zuba ta a gona, ciyawar da ta sha ƙarfe ba'a ba dabba. In takardarka ba ta ce komai a kan wannan ba, ka ɗauke matsalar ne daga ruwa ka ajiye ta a ƙasa, kuma mai dubawa zai rubuta hakan a gefe.

Mataki na 5: Mai wurin, mai doka, mai kulawa

Kafin ka rubuta komai ka samu takarda daga wanda ya mallaki filin ko masana'antar ko matatar da zaka yi gwajin, mai sa hannu da hatimi, tana faɗin takamaiman abin da ya yarda: fili kaza, na tsawon lokaci kaza, zai bar ku ku ɗebi samfur, zai ba da ma'aikaci ɗaya. Wasiƙar "muna goyon bayan wannan kyakkyawan aiki" ba ta ƙara maki. Ka je wurin hukumar da ke ba da izinin sakin ruwa ka ji ko gwajin naka na buƙatar lasisi ko nazarin tasirin muhalli, domin wannan kaɗai yana iya cinye watanni, ka sa shi cikin jadawalin aiki. In ba ka da wanda ya iya lissafin sakamako ka jawo jami'a. Mutanen da ke amfani da ruwan kuma, masunta da manoma da masu wanki, ka zauna da su tun yanzu, su suka san lokacin da ruwan ke canza launi, kuma su ne zasu kare kayanka ko su bari a kwashe.

Mataki na 6: Rubutun, a bisa tsarin makin

Kowace sanarwa tana ɗauke da yadda za'a raba maki. Ka kwafe kanun nan yadda suke ka mayar da su kanun takardarka, a jere ɗaya, da kalmominsu. Ka tuna mai dubawa yana da tarin takardu da fom ɗin maki a gefe, yana neman inda ka amsa tambaya ta uku ne, in bai gani ba cikin minti ɗaya zai sa maki kaɗan ya wuce. A Horizon Europe abu uku ake dubawa, ingancin dabarar, tasirinta, da tsarin aiwatarwa, kowanne maki 5, kuma sai ka samu aƙalla 3 a kowanne da 10 a jimilla kafin ma a sa ka a layi. Shafukan da suka wuce iyaka kuwa ɓoye su ake yi, masu dubawa ba zasu gani ba sam.

Ka bambanta abin da zaka yi da abin da zai canza. Gina tanki biyu da horar da mutum talatin ayyuka ne. Saukar da BOD daga 300 zuwa ƙasa da 30 a wata shida a jere, wanda lab mai zaman kansa zai tabbatar duk sati biyu, wannan shi ne sakamako. Buri uku masu lamba da rana sun ishe ka.

Sashen haɗari kar ka yi masa rubutun cika fom. Ambaliya na iya shanye wurin, famfo na iya ƙonewa, masana'anta na iya canza sinadarin da take amfani da shi ba ta gaya maka ba, ƙwayoyin halittar da ke cikin tanki suna ɗaukar makonni kafin su kama aiki kuma guba ɗaya tana iya kashe su a dare ɗaya. Ka rubuta kowanne da abin da zaka yi in ya faru. Taƙaitawar shafin farko ita zaka rubuta a ƙarshe, amma ita ce ta fi kowane shafi cin lokaci.

Mataki na 7: Bajet

Yawancin shirye-shirye ba sa biyan duka. Sashe na 319 kashi 60 yake biya, LIFE ma a ayyukansa na yau da kullum har kashi 60, sauran kai zaka kawo. Kuskuren da ake yi shi ne a lissafa kashi 40 na abin da aka nema, alhali na jimillar aikin ne. In aikin gaba ɗaya 100,000 ne, ko da wane kuɗi ake lissafi, za'a ba ka 60,000 ka kawo 40,000. Wanda ya nemi 60,000 ya ce zai kawo 24,000 ya gaza tun a tebur ɗin akawu. Sau da yawa ana yarda naka kason ya zama lokacin ma'aikata ko fili ko kayan aiki, amma sai da takardar da ke nuna yadda ka ƙiyasta darajarsu, kuma galibi ba'a yarda ka cike da wani kuɗin da ya fito daga aljihun gwamnati ɗaya.

Kuɗin gudanar da ofis, irin haya da lantarki da albashin akawu, yana da nasa ƙa'ida: Horizon kashi 25 na kuɗin ainihin aikin, LIFE kashi 7, a Amurka wanda bai da yarjejeniya ta musamman yana iya ɗaukar har kashi 15 tun Oktoba 2024, da can 10 ne. Kowane layi a bajet ya zama akwai aikin da ya dace da shi a cikin rubutun, kowane aiki kuma akwai kuɗinsa. Ka karɓo farashi a rubuce daga masu sayarwa. Kuma ka lissafa kuɗin lab da kyau, wuri nawa, sau nawa, gwaji nawa, don shi ne layin da aka fi yi wa ƙwauro sannan a tsakiyar aiki a rasa kuɗin tabbatar da cewa aikin ya yi.

Sannan ka sani, da yawa sai ka kashe kuɗinka ka kai rasit kafin a mayar maka. In ƙungiyarka ba ta da abin da zata juya na wata biyu zuwa uku, ka tambaya ko ana ba da kafin alƙalami, in ba'a bayarwa ka rage girman aikin.

Mataki na 8: Bayan tallafi wa zai riƙe

Duniya cike take da matatun da aka buɗe da biki, bayan shekara biyu famfo ya lalace ba mai gyara. Masu ba da kuɗi sun fi ka sanin wannan. Don haka ka rubuta kuɗin gudanarwa na shekara ɗaya dalla-dalla, lantarki, sinadari, kwashe laka, albashin mai kula, kayan gyara, sannan ka faɗi sunan hukumar ko kamfanin da zai biya da inda zai samo, ko daga kuɗin da masu amfani zasu riƙa bayarwa, ko daga sayar da ruwan da aka tace, ko daga tarar da masana'anta zata huta biya. In akwai yarjejeniyar miƙa aikin da aka sa wa hannu ka haɗa ta. Ka kuma duba ko kayan gyaran ana samun su kusa, don na'urar da sai an yi odar ƙaramin ƙarfenta daga wata nahiya zata fi zama a kashe.

Mataki na 9: Turawa

Kwana biyu kafin wa'adi, ba awa biyu ba. Shafin yakan cushe ranar ƙarshe, fayil na iya ƙin hawa saboda girma ko saboda sunansa, kuma agogon da ake bi na garin masu ba da tallafin ne. Ka ba wanda bai san aikin ba ya karanta da fom ɗin maki a hannu. Ka ajiye imel ɗin shaidar karɓa.

In ba'a ba ka ba, ka nemi bayanin masu dubawa, yawanci suna bayarwa, ka gyara daidai inda suka nuna ka sake turawa a zagaye na gaba.

Mataki na 10: In an ba ka

Kada ka kashe ko sisi kafin ranar da yarjejeniya ta ce aiki ya fara, abin da ka saya kafin nan galibi ba'a biya. Ka buɗe asusu ko lambar lissafi daban domin aikin, ma'aikata su riƙa cike takardar awannin da suka yi, manyan sayayya a nemi farashi daga wuri fiye da ɗaya a ajiye shaidar. In kana so ka ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani, ko ka canza wurin aiki, ko ka ƙara lokaci, ka rubuta wa jami'in da ke kula da tallafinka ka jira amsa a rubuce tukun, maganar waya ba ta kare ka gaban odita.

Samfur kuma ka ci gaba da ɗiba a wuraren nan na farko, da hanya ɗaya, a lab ɗaya, in ba haka ba ba za'a iya kwatanta kafin da bayan ba. Watan da sakamako ya yi muni ka sa shi a rahoto tare da dalilin, aikin gwaji ne, an san za'a samu haka, kuma jami'in ya fi son ya ji daga bakinka da wuri. A tallafin tarayyar Amurka rahoton ƙarshe yana shiga cikin kwana 120 bayan ƙarewar aiki kuma takardu ana ajiye su shekara uku, na Turai yawanci shekara biyar bayan biyan ƙarshe, kuma wani kaso na kuɗin a hannunsu yake zama har sai sun amince da rahoton, don haka rasit da sakamakon lab da hotunan wurin duk ka riƙa yi musu sikanin kana ajiyewa wata-wata.